Ƙwaryar Wayoyi

A Mandera wayoyinmu sun fi mu yawo. Kowace safiya, kafin rana ta yi zafi, Goggo, yayar mahaifina, takan fito da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a gefe ta ajiye a bakin zaure. Matan unguwa su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da wayarta naɗe cikin ƙyalle. Na wata ja ne, na wata kore, na wata guntun tsohon zanen goyo. Da ƙyallen ake gane mai waya, domin wayoyin kusan iri ɗaya ne, 'ya'ya ne suka aiko da su daga Legas da Fatakwal da sauran wuraren neman abinci. Idan ƙwarya ta cika, Goggo ta rufe da faifai, ta ɗaure da igiya, ta miƙa wa direban bas ɗin da ke zuwa Shagari. Can akwai ƙarfen sabis. Saƙonnin muryar da mata suka naɗa tun jiya su samu hanya su fita, na 'ya'yansu su shigo. Da la'asar ƙwarya ta dawo, kowace ta kwance ƙyallenta ta shige ɗaki ta saurari ɗanta.

Mata kan ce an kai wayoyi mashaya, kamar dai shanu. Unguwarmu a kwari take, sabis kuwa ba ya gangarowa. Wani lokaci da hantsi sanda ɗaya takan leƙo a kusurwar waya, siririya kamar tsinken tsintsiya, kafin mutum ya buɗe baki ta ɓace. Maza sukan hau babur su fita bakin titi su yi kiransu. Mata ba su da babur, sai suka ƙirƙiro ƙwarya.

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai a Sakkwato na dawo gida, mako guda na yi ina yi wa ƙwaryar nan dariya. A mako na biyu wayata tana ciki, naɗe da shuɗin kallabi. Nakan tsaya ina kallon bas ɗin har ya sha kwana, ina tunanin abin da ke tafe a rufe ƙarƙashin faifai: gaisuwa, faɗa, addu'a, labarin akuyar da ta haifi biyu. Tun ina ƙarama haka nake, abu kaɗan ya ishe ni tsayawa in shagala har tuwo ya kama.

Sau ɗaya na kira kamfanin layina in kai kuka. Sai da na je Shagari kafin kiran ya shiga. Wata mata mai daɗin murya ta ce in ɗan jira, na ji tana danne-danne, sannan ta ce a taswirarsu yankinmu duka yana da sabis, har ma irin mai saurin nan. Ta ce in kashe wayar in kunna. Na ce mata unguwarmu kaf mun shekara muna kashewa muna kunnawa. Ta yi mini godiya da kiran da na yi. Ban ji haushinta ba, abin da ke gabanta ta karanta. Amma tun daga ranar na daina roƙon wanda bai taɓa taka garinmu ba ya yarda da abin da muke gani.

Ƙwaryar ce ta haifar da ajinmu. Wani lokaci saƙo kan zo a rubuce maimakon murya, sai mai shi ta yi ta yawo da waya tana neman mai karanta mata sirrinta. Na ce su zo in koya musu. Baffa, yayan mahaifina kuma mai gidanmu, ya ara mana zaure, domin a lokacin an sayar da albasa babu komai a ciki. Na shafa wa wani katako baƙin fenti ya zama allo. Bayan azahar mata su taru da ledojin littattafai da jarirai a baya, mu yi ta a, ba, ca har kiran la'asar. Goggo ce babbar ɗalibata, a shekaru da kuma surutu.

Haka muka ci damina da kaka da sanyi. Da bazara ta kawo kai aka cire sabuwar albasa, rudun da ake ajiye ta a bayan gida kuwa ya tsufa, gefe ɗaya ya zauna. Wata safiya Baffa ya aika a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi.

"Wagga makaranta taku," in ji shi, "wa yas san da ita? Albasa dai kowa ya san ta. In ta sha rana ta lalace, da baƙaƙe za mu ci da gida?"

"Allah shi ba ka haƙuri, Baffa. Matan sun fara haɗa kalma."

"Ni ban ga takarda ba. Makarantar da ba ta da takarda hira ta. Ku koma gindin bedi ku yi hirarku."

Ya san babu mijin da zai bar matarsa ta zauna gindin bishiya a bakin hanya. Zaure ne ya sa suke bari. In zaure ya tafi, aji ya tafi.

A makon nan wata ƙawata ta kwaleji ta turo mini sanarwa, a ƙwarya ta iso. Wata cibiya a Sakkwato tana neman masu koyar da manya a ƙauyuka. Wanda aka ɗauka za a ba shi horo, a ba ajinsa littattafai, a kuma rubuta takarda cewa an san da shi. Sharaɗin shi ne mutum ya ɗauki bidiyon darasi guda a ajinsa na gaskiya, ya ɗora a shafinsu kafin ƙarfe huɗu na wata Juma'a. Na kai wa Baffa maganar. Ya ce ya ba ni zuwa Juma'ar. In bidiyon ya isa, zai jira amsa. In bai isa ba, Asabar buhuna za su shiga.

Na kifa turmi a tsakiyar zaure, na jingina wayar da dutse, muka yi darasi. Wajen ƙarshe na ce wa zai fito ya rubuta sunan garinmu. Goggo ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta karɓi alli. Ta daɗe. Tana cije leɓe, wata jaririya tana kuka a baya, amma harafi bayan harafi ya fito har ta rubuta Mandera. Ta juyo ta dubi wayar kamar mutum ce, ta ce, "To, kun gani." Na san nan ne zuciyar bidiyon.

Washegari na je Shagari. Takardun da aka nema na cike su babu wahala. Da na danna ɗora bidiyo, wani siririn layi ya fito yana rarrafe daga hagu zuwa dama kamar tururuwa ɗauke da ƙwayar gero. Ya yi ɗan nisa, ya tsaya, ya koma farko. Haka na yini. Rana ta biyu na sa wayar a ƙwarya, na nuna wa direba inda zai danna. Dattijo ne mai raha, shekararsa da yawa yana ɗaukar ƙwaryar nan ba ya karɓar komai sai addu'a. Da la'asar ya miƙo ta yana girgiza kai.

"Malama, na danna sau ukku. Saƙon waɗanga mata buhun ƙaiƙayi na, da hannu guda a ka ɗauka. Wanga naki buhun albasa na."

Nan na yi kuskuren da kowa a garinmu zai yi. Mu a wurinmu ranar kasuwa ce ranar biyan buƙata. Mota tana samuwa, shaguna a buɗe, duk wanda kake nema yana nan. Na ce bari in jira kasuwar Bodinga, babban gari ne, ƙarfensa zai fi ƙarfi. Na shiga bas tsakanin buhunan gero da wata tunkiya da ta yi ta shaƙar mayafina. Muna isa na duba waya, sanduna sun cika har sama. Ban taɓa ganin sun cika haka ba, har na ji wani sanyi a raina. Na samu inuwa kusa da 'yan albasa na danna. Layin ko motsi bai yi ba. Shafin ma da ƙyar ya buɗe.

Na shiga wani shagon kwamfuta, inda ake buga takardu da cike fom. Mai shagon ya dubi wayata ya yi dariya.

"Malama, yau kika zo? Dubi waje."

Na duba. Dillalai, direbobi, masu awo, Fulani masu shanu, kowa da waya a kunne yana tambayar farashi a wani gari.

"Sandunan nan," in ji shi, "nuna miki suke kina bakin rijiya. Ba su ce za ki samu wurin zura guga ba. Ƙarfen sabis ɗaya ne, yau kuma ƙauyuka duka sun juye a kansa. Ni ma tun safe nawa injin bai aika komai ba. Amma kawo in matse miki shi. In ya ƙanƙance ko ta ramin allura zai wuce."

Na ba shi. Ya sa a kwamfuta, ya matse, ya kunna mini in gani. Muryoyin suna nan. Zauren yana nan, amma kamar ana hango shi ta cikin ruwan wanki. Da Goggo ta fito gaban allo na matsa kusa. Hannunta yana motsi, sai dai abin da ke fita daga allin wani farin hazo ne. Ba a gane ko harafi ɗaya. Ta juyo ta ce kun gani, alhali babu abin gani.

"A'a," na ce.

"Malama, su waɗancan ba kallon ƙwaƙwaf za su yi ba. Su dai su ga an turo."

"Ta fi shekara sittin ba ta riƙe alli ba. Yadda ta rubuta shi haka za su gan shi."

"To ki tafi Sakkwato, ki sake ɗauka a wani aji mai kyau, ki tura daga can. Wa zai sani?"

Na yi masa godiya, na karɓi wayata. A hanyar dawowa tunkiyar ba ta nan, an sayar da ita. Na jingina kai da taga ina kallon gonakin albasa da aka cire, ƙasa tsirara tana hucin zafi. Zuwa Sakkwato don turawa kawai ba laifi ba ne, kuma na yi tunaninsa. Amma Baffa ba zai bar ni in yi wannan tafiyar ni kaɗai ba, wanda zai raka ni kuwa kowa yana kan albasa. Ban da haka, akwai wani taurin kai da ya taso mini wanda ban san ina da shi ba. Taswira ta ce muna da sabis. To daga ƙasarmu bidiyon zai tashi.

Na iso na tarar an jera buhuna a ƙofar zaure, suna jiran Asabar. Warin albasa ya cika wurin. Goggo tana zaune a kan ɗaya daga ciki tana tsinkar zogale.

"Ya tahi?"

"Bai tafi ba, Goggo."

"Awo. Ke kin yi boko, kin san sunan komi. Amma ba ki taɓa bin ƙwarya kin ga inda take shan ruwa ba. Gobe ki bi ta."

Gobe ita ce Juma'ar. Ba ni da wata dabara, sai na bi. Na rungume ƙwaryar a cinyata har Shagari, ina jin wayoyi suna gogar juna a ciki. Ashe direba ba ya yawo da ita. Akwai wata tsohuwa mai fura a wata rumfar zana, bayan tasha, daga inda ake hango ƙarfen sabis da jar fitilarsa. Wurinta yake ajiyewa kullum ya ci gaba da jigila. Ya gabatar da ni, ya ce ga malamar Mandera da buhun albasarta, ya tafi.

Na gaishe ta, na zauna a tabarma, na fara dannawa. Layin ya rarrafa, ya tsaya, ya koma. Na sake. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce. Gari ya cika da mutanen ƙauyuka da suka shigo sallar Juma'a, manyan riguna, ƙamshin turare, babura ko'ina, kowa yana kiran wani yana cewa ga ni na iso. Wayar ta yi zafi har tana ƙona mini tafi. Cajinta ya sauka ƙasa da rabi.

Tsohuwar tana dama fura tana kallona ta gefen ido. Can ta ce, "Ɗiyata, mi kika yi ma wagga waya tun sahe?"

Na gaya mata komai, har da buhunan ƙofar zaure.

"Aje ta ta huta. Ba yanzu ba."

"Inna, ƙarfe huɗu za a rufe."

"Na ji. Shekara nawa ina tsaron wagga ƙwarya. Sauran ranakku ɗigo-ɗigo suka sha, wagga ta yi ƙit, can wata ta yi ƙit. Amma ran Juma'a, da liman ya hau mumbari, sai ki ji su kamar 'yan tsaki sun ga tsaba. Hotunan jikoki da sunka maƙale mako guda, lokacin suka sauka."

Na dube ta. Na karanta darussa da yawa a kwaleji, mai shago ma ya yi mini bayanin rijiya da guga, amma ban haɗa ba. Mazan garin nan da na ƙauyukan kewaye, masu waya a kunne duka, za su shiga masallaci ɗaya a lokaci ɗaya, su kashe wayoyi ko su jefa su aljihu. Na ɗan ji nauyin abin, na ce ko ya dace ana huɗuba ni ina danna waya.

Ta yi dariya har da tafa cinya. "Juma'a ba ta wajaba kanmu ba. Azahar ɗinki na jiranki, ga buta can. Maza sun tahi ga Ubangiji, sun bar muna rijiya. Zura gugarki."

Ta karɓi wayar, ta jiƙa wani ƙyalle, ta shimfiɗa a kan murfin randa, ta ɗora ta a kai ta huce. Ta dama mini fura ta ce in sha, mai yunwa ba ya iya jira. Muka zauna. Aka yi kiran salla. Titi ya fara raguwa, masu shaguna suka ja ƙofofi, babur na ƙarshe ya wuce da mutum uku. Sai gari ya yi tsit, ba abin da ake ji sai lasifika da kukan wata kurciya a kan darbejiya. Liman ya yi sallama ya fara huɗuba.

Ƙwaryar ce ta fara. Ƙit, sannan ƙit-ƙit, sannan duka suka ɗauka, faifan har rawa yake yi. Tsohuwa ta nuna mini randa da haɓa. Na danna.

Layin ya tashi. Ba gudu yake ba, amma tafiya yake irin ta mai sanin inda za shi. Ya wuce inda ya saba tsayawa. Na durƙusa gaban randa, yatsana yana taɓa fuskar wayar lokaci-lokaci don kada ta yi barci. Huɗubar a kan haƙƙin maƙwabci ce, kuma a raina ina roƙon Allah ya buɗe wa liman baki ya yi ta bayani. Da aka tayar da iƙama layin ya wuce rabi. Raka'a ta farko, liman ya ja sura mai tsawo, na ji kamar in aika masa da fura. Raka'a ta biyu gajera ce. Aka yi sallama, saura ɗan kaɗan, kamar faɗin farce.

"Sun gama, Inna."

"Ba su gama ba. Akwai addu'a. Bana zahi ya yi yawa, sai ya roƙi ruwa."

Ya kuwa roƙa. Ya roƙi damina mai albarka, ya roƙi zaman lafiya a hanyoyi da gonaki, ya roƙa wa iyaye da malamai, jama'a suna amsawa da amin kamar iska a cikin dawa. Mu ma muna amsawa, idona a kan layin. Na ji babur na farko ya tashi a ƙofar masallaci. Sai layin ya taɓa bango, shafin ya juya, rubutu ya fito cewa an karɓa. Na ɗauki hoton rubutun sau biyu. Kafin in miƙe titi ya cika, wani yana tafe yana cewa a waya, kana ji na, kana ji na. Ƙwarya ta koma shiru.

Na yi alwala na yi azahar a bayan rumfar. Ban yi kuka ba, sai dai na daɗe a sujada.

Da la'asar na nuna wa Baffa hoton. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya ce wannan ai ba takarda ba ce. Na ce gaskiya ne, amma alkawari shi ne zai jira amsa. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar, kuma a durƙushe na yi ta. Ya dube ni, ya dubi buhunan, ya sa aka ja su ƙarƙashin rumfa aka rufe da zana.

Amsar ta yi makonni kafin ta zo, kuma a ƙwarya ta zo, wata Juma'a, cikin shuɗin kallabi. An ɗauke ni. Takardar ajin tana haɗe, da sunan garinmu a sama. Goggo ta ce ba ni zan karanta wa Baffa ba. Ta karɓi wayar, ta same shi a ƙofar gida, ta sa yatsa a kan kalmar, ta furta ta gaɓa-gaɓa.

"Ka ga wanga? Ni na iya rubuta shi. Kai hwa?"

Baffa ya dubi yayarsa, ya gyara hula ya shige gida. Washegari dai muka ji ana kafa itace a bayan gida, ana ɗaura sabon rudu, shi kuma yana faɗa da masu aikin cewa sun karkata shi.

Har yanzu sabis bai gangaro kwarinmu ba, kuma ina jin taswirar tana nan yadda take. Ƙwarya tana fita kowace safiya. Sai dai yanzu matan unguwa sun san abin da ake riƙewa sai Juma'a: hoton jariri, bidiyon suna, dogon saƙon faɗa. Ranar Juma'a ƙwaryar takan cika har faifai ba ya rufuwa, Goggo ta ƙara da kwano. A gefen ƙwaryar, kusa da ɗinkin, ta rubuta Mandera da baƙin fentin da ya rage daga allo, wai kada mai fura ta haɗa mana da ta wani gari, don an ce wasu ƙauyukan ma sun fara.